Kiyashi a Cokali

Kiyashin ya ɗan yi motsi a cikin nonon da aka tatsa a cokali, sannan ya miƙe ƙafafu. Gwaggo Asabe ta kaɗa kai.

"Kin gani ko, Hasiya? Mugun nono gare ki. Jaririyar nan ba za ta sha ba."

Daga Rigachikun ta zo Kinkinau yi wa 'yar wanta wankan jego, kuma a ganinta babu abin da ya shige mata duhu a harkar haihuwa. Kafin azahar ta aiki Ɗanjuma, mijin Hasiya, ya sayo madarar gwangwani da fida. Ya dawo yana washe baki, wai irin ta matan sojojin Mando ce.

Ƙirjin Hasiya ya cika yana zogi, jaririya tana tsala kuka. Tsoro take ji. Ciwon dajin nono ne ya ɗauke mahaifiyarta, ita ta yi jinyarta har ƙarshe. Ranar awo Sista Maryamu ta gaya mata, "Ki shayar, 'yar'uwa. Yana rage zubar jini, mahaifa ta koma daidai, yana kuma rage haɗarin ciwon da ya kama mamarki. Ban ce yana hanawa duka ba." Ta riƙe maganar gam. To amma yaya za ta musa wa ƙanwar ubanta?

Gwaggo ta dama madara tana fifitawa. Hasiya ta sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ita ma a gwada ta mana. Kada mu ba ta abin da ba mu auna ba."

Gwaggo ba ta ƙin gwaji. Ta tsiyaya a cokali, ta kamo kiyashi a bakin kwanon sukari, ta jefa. Ya yi iyo, ya mutu. Ta ce wannan dama raggo ne, ta kamo wani. Shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Ta daɗe tana hararar gwangwanin.

"Ɗanjuma, mayar musu da kayansu. In duk mugu ne, gara namu na gida."

Hasiya ta kafa wa 'yarta nono, kukan ya yanke. Mararta ta murɗa, alamar komawar mahaifa daidai da Sista ta ce za ta ji. Ta gyara zama ta ɗaga kai, alfahari ya cika ta.

Ta taga ta jiyo Gwaggo tana gaya wa maƙwabciya Mairo, "'Yar wana ce fa. Mu a gidanmu ba ma karɓar abu sai mun gwada."