Yadda Tela Ya Sauke Macijiya

Ni dai ranar Asabar da yamma, ko dambe ake yi a ƙofar gida sai na gama jin shirin masu sauraro sannan in leƙa. Rediyona yana kan firji, wayata tana kan cinya, kujerata ta roba tana bakin taga inda nake hango layinmu kaf. Ɗan nan mai gabatar da shirin ya san muryata kamar ta uwarsa. Ina cewa "alo" sai ya ce, "Ga Kaka Mai Labari nan! Kaka, a rage mana muryar rediyo." Kullum sai ya faɗa, ni kuma ban taɓa ragewa ba. Ina amfanin mutum ya yi magana a rediyo bai ji kansa ba?

Tare muke zaune da ƙanwata, autarmu. Rabin mutanen layin nan a hannunta suka faɗo duniya, shi ya sa kowa Ungozoma yake ce mata, ni kuwa Auta nake cewa. Furfura ta cika mata kai, amma ba abin da take so irin lilon gidan wasa. Sai ta fake da jikoki ta tafi, yara su tsorata su tsaya ƙasa riƙe da jakarta, ita ta haye tana ihu. Abin da ta tsana kuwa cika baki. Marigayi mijinta, Allah ya jiƙansa, kafin aure ya ce mata yana da lambu, ashe tukwanen fulawa ne a bayan ɗaki. Tun daga nan ta rantse ba ta ƙara zama da mai ƙarin gishiri.

To, akwai Tela. Shagonsa yana kallon tagata. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun kama gabansu, kuma ya mutu a kan Auta. Ya yi ta zuwa gyara mana labule har labulen ya gaji da gyara. Da ya ga labule ba zai yi masa magana ba, sai ya biyo ta bakina. Na isar da saƙonsa. Auta ta ce, "Yaya, bari in ga halinsa tukuna." A nan magana ta tsaya, Tela yana ta ramewa a kan keken ɗinki.

Abu biyu na sani game da Tela waɗanda Auta ba ta sani ba. Na farko, tsoron sama yake. Da idona na ga ƙwan fitilar shagonsa ya mutu, ya kira wanzamin da ke kusa da shi ya taka masa benci, shi yana riƙe da bencin yana cewa a yi a hankali. Na biyu, na je karɓar rigata da ya riƙe mini ba gaira ba dalili, na tarar ba kowa gaban shago, na ɗaga labulen ciki. Me zan gani? Tela ne zaune gaban talabijin, tabarau a kan karan hanci, tef ɗin awo a wuya, ya rungume abin dannawa yana tuƙa jirgin sama a gem, wasan nan na talabijin. Manyan yatsunsa sai rawa suke. "Hagu, hagu," yake ce wa jirgin, "sauka a hankali, 'yar albarka." Ɗansa ne ya bar masa na'urar. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, wai kada a ce dattijo yana wasan yara. Na rufa. Kishiyar maƙwabciyata kaɗai na so in gaya wa, sai na tuna ba ta da kishiya, na haƙura.

Asabar ɗin da abin ya faru, mai shirin ya ce batun yau shi ne: wasan gem da lilon gidan wasa, wanne ya fi? Kai, waya ta ɗauki zafi! Wani malamin makaranta ya ce gem ya cinye idanun ɗalibansa, allo ma ba sa gani. Wata yarinya ta ce, "Malam, a gem in ka faɗo sai ka sake farawa, a lilo fa?" Wani bakanike ya ce shi ba ya hawan abin da bai ɗaure notinsa da hannunsa ba. Wata uwa ta ce ta tsaya layin lilo tun ɗanta yana kuka don yana son hawa har ya koma kuka don yana son gida. Wani kuma ya bugo ya gaishe da surukarsa ya kashe. Muna ta dariya, Auta tana gugar kaya tana ba rediyo amsa.

Sai ga wata murya an kumbura ta. "Sunana Mai Ƙarfin Hali."

Na ajiye kofin shayina. A bayan muryar ina jin ƙarar fanka mai ciwon wuya, ƙi-ƙi-ƙi. Fanka ɗaya ce a duniya mai wannan kukan. Na leƙa taga, ga Tela ya juya wa titi baya, waya a kunne.

"Ni a ganina," in ji shi, "gem wasan ragwaye ne. Namiji sama yake hawa. Babu lilon da ban hau ba. Wannan da ake ce wa Macijiya, mai hawa sama ta kife da mutane, ni barci ma nake yi a kanta."

Auta ta tsayar da guga. Ita ma ta gane shi. Fuskarta ta washe kamar an kunna fitila. "Yaya, ashe Tela ma ɗan hannu ne? Bai taɓa faɗa mini ba!"

Jama'a, me kuke so in yi? Yatsana da kansa ya danna lambar.

"Kaka, a rage mana muryar rediyo."

"Ɗan nan, bar batun rediyo. Wannan Mai Ƙarfin Hali maƙwabcina ne. Asabar mai zuwa zan kai shi gidan wasa da ƙanwata, su hau Macijiya, ni kuma in bugo muku daga gindinta ku ji da kunnenku!"

Mai shirin ya yi shewa ya ce an ƙulla. Ta taga na ga waya ta suɓuce wa Tela ta faɗa cikin kwandon ƙyallaye.

Washegari ya tare ni a hanyar kasuwa, idonsa duk ya faɗa. "Yaya, kin kashe ni."

"Ni na ce ka ce kana barci a sama?"

"Na san tana saurare ne. Na ce ko ta ɗan dube ni."

"Ai ta dube ka. Sabon mayafi ma ta ciro."

"In na ƙi hawa ta san ƙarya na yi. In na hau gawata za a sauko da ita."

"To zaɓi wadda ta fi sauƙi," na ce. Amma gaskiya ya ba ni tausayi, don na san Auta. In ta rufe ƙofa, ko labule ba zai ƙara gyarawa ba.

Ranar Asabar muka ɗunguma. Wanzami ya rufe shago ya biyo mu, mai kantin layinmu ta biyo mu, har bakaniken nan na rediyo ya zo, wai yana so ya ga notin da idonsa. Gidan wasa ya cika maƙil, kiɗa ta ko'ina, yara da alewar auduga har a gira, dawakan roba suna zagaye. Can ƙarshe ga Macijiya: dogo ne irin na jirgin ƙasa, an murɗe shi an kai shi sama, jajayen taragu suna bi, mutane a ciki suna kiran iyayensu.

Tela ya sha sabuwar riga, ɗinkin hannunsa, amma tun a layi ta jiƙe. Ya ce zafi ne. Ya sunkuya ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Ya tambayi mai kula da ƙofa ko akwai dokar shekaru, mutumin ya ce, "Baba, in zuciya lafiya, bismillah." Auta ta riga ta shige kujerar gaba tana buga wurin da ke gefenta. Ya waiwayo ya dube ni irin kallon da akuya ke wa mahauci. Sannan ya shiga. Wallahi ya shiga! Aka sauko musu da ƙarfen kariya, ƙaras.

Na danna waya.

"Kaka, a rage..."

"Babu rediyo a nan, ɗan nan, ga mu gindin Macijiya! Sun tashi! Suna hawa, suna hawa, a hankali kamar tsohuwa a matakala. Ƙanwata ta ɗaga hannu biyu. Mai Ƙarfin Hali ya rufe ido, bakinsa yana motsi. Ba barci ba ne, addu'a ce! Sun kai ƙoli. Wayyo! Sun zubo!"

Abin ya wuce ta gabanmu kamar walƙiya, hular Tela ta yi nata wuri, wanzami ya cafe. Da suka sake zagayowa sai na ga abin mamaki. Idon Tela a buɗe tar. Ya kama ƙarfen da hannu biyu, manyan yatsunsa suna ta danna shi, yana karkata jiki, yana ƙwala ihu: "Hagu! Hagu! Ɗaga hanci! Dama yanzu!"

"Kaka, me yake cewa?" in ji mai shirin.

"Tuƙi yake! Tuƙa ta yake yi, jama'a!"

Macijiya ta kife da su, ta miƙe, ta sake kifewa. Mai kanti ta riƙe ni, na riƙe bakanike, bakanike yana cewa, "Notin nan da kyau, wallahi da kyau!" Macijiya ta taho tana rage gudu, muna jin Tela yana lallashinta: "A hankali, 'yar albarka. Sauka, sauka. Yawwa."

Ta tsaya cak. Tela ya saki ƙarfe ya share goshi, ya dubi mutanen da ke bayansa ya ce, "Kowa lafiya? Na sauke ku."

Wurin ya fashe da dariya. Mai kula da ƙofa har da zama a ƙasa. Sai a lokacin Tela ya dawo hayyacinsa. Ya yunƙura zai fito, ya koma ya zauna. Auta ce ta kamo shi ta hammata, yadda take kamo masu jego, ta zaunar da shi a benci. Ita ba ta dariya.

"Malam Tela," ta ce, "sau nawa ka taɓa hawa wannan?"

Ya dubi takalminsa. "Yau ne farko, Malama."

"Wasu fa?"

"Ko benci ba na takawa. Tambayi wanzami."

"Gaskiya ne," in ji wanzami, ba wanda ya tambaye shi.

"Wannan hagu da dama fa, da yatsu?"

"Gem ne. Jirgin sama nake tuƙawa a bayan shago. Da na ga mutuwa sai hannuna ya tafi can da kansa."

Waya tana hannuna, na manta ban kashe ba, duk masu sauraro suna jin mu.

"Kana tsoro haka, me ya hau da kai?"

"Ke kika buga kujera, Malama."

Mai kanti ta ce "wayyo" ta dafe ƙirji. Na ga bakin Auta yana so ya yi murmushi, ta danne.

"Hawan ya yi mini," ta ce. "Ƙaryar ce ba ta yi mini ba. A rediyo ka yi ta, a rediyo za ka kwashe ta. Yaya, ba shi wayar."

Tela ya karɓa da hannu biyu. "Assalamu alaikum. Ni ne na ce sunana Mai Ƙarfin Hali. Ba sunana ba ne, tela ne ni. Ban taɓa barci a kan lilo ba, yau ma da ƙyar na tsira. Gem kuma ba wasan ragwaye ba ne, ni ma ina bugawa, shi ya riƙe ni a sama. Masu kayan da na riƙe, ku yi haƙuri, yanzu kun san dalili."

Mai shirin yana dariya har da tari. "To Baba, a ƙarshe wanne ya fi?"

"Gem," in ji Tela da sauri. "A zaune ake yinsa, a ƙasa."

Auta ta karɓi hular daga hannun wanzami, ta kaɗe ta, ta ɗora masa a ka da kanta. "Gobe da yamma zan zo shago ka koya mini jirgin nan. In ya so sai ka turo manyanka wajen Yaya."

Na yi guɗa har wani yaro ya yar da askirim ɗinsa. Na fizge wayar na ce, "Kun dai ji! A bakina kuka fara ji!"

Tela ya miƙe, sai murmushi yake kamar wanda aka yi wa sabon haƙori. Auta ta gyara mayafi ta nuna wani abu can gefe, doguwar hasumiya da ke ɗaga mutane sama ta sako su.

"Kafin mu tafi," ta ce, "ga wancan."

Tela ya koma ya zauna. "Malama, ni zan riƙe jaka."

Shi ya riƙe mata kuwa. Ni ma na ɗora masa tawa, na ce tunda ya zama ƙanena sai ya fara aiki, kuma rigata ina son ta kafin biki.