Gishiri a Gindin Mangwaro

"Umma, bishiya ma tana shan miya ne?"

'Yata ce ta yi tambayar, mai shekara biyar, wadda babanta ke kira Rediyo. A gaban 'yan kwamitin unguwa ta yi ta, muna tsaye ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidanmu. Na ce me ya kawo zancen miya? Ta ce ai ta ga Baffa yana zuba mata gishiri.

Baffa wan mijina ne, makanike, gidansa na jikin namu. Ya daɗe yana son faɗaɗa garejinsa, mangwaron ya tare masa wuri. Dokar unguwarmu kuwa, duk bishiyar da babba ba zai iya rungume ta ba, ba a sara sai kwamiti ya zo ya shafa mata jan fenti, kuma sai wadda ta mutu ake shafa wa. Wata biyu ganyen mangwaron na zuba, Baffa ya kai takarda cewa ya mutu. Abin da ya kawo su ke nan, sakatare har ya buɗe gwangwanin fenti.

Baffa ya yi dariya, ya ce wannan Rediyon ba ta taɓa kama tashar gaskiya ba, in hana ta ƙarya tun da wuri.

Na ji ta matse gefen zanena. Ina jin nauyin Baffa ƙwarai, shi ya riƙe mijina tun yana ƙarami. Amma a inuwar nan yara goma sha ɗaya suke jiran motar makaranta, nesa da bakin titi. Kuma ba za a kira 'yata maƙaryaciya ina tsaye ba.

"Yaya, a tona mu gani," na ce. "In babu komai, ni zan durƙusa in ba ka haƙuri, ba ita ba."

Na shiga na ɗauko shebur. Shugaban kwamiti, tsohon hedimasta, ya nuna mini inda aka zuba sabon yashi. Ban yi tono uku ba sai ga gishiri fari fat, dunƙule-dunƙule a jikin saiwa. Hedimasta ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce lallai mai girkin nan hannunsa da nauyi. Sakatare ya rufe gwangwaninsa.

Aka yanke cewa Baffa zai kwashe ƙasar, ya zuba sabuwa, ya riƙa ban ruwa. In mangwaron ya mutu, biyar zai dasa a wurin, gareji kuma ba zai matsa ko taku ɗaya ba.

Sati uku bai amsa gaisuwata ba. Mijina ya ce da na bari an yi maganar a cikin gida. Na ce da na bari, da kafin mu shiga fenti ya bushe. Reshe ɗaya muka rasa, sauran duk sun yi toho.

Kai da kake karanta wannan, in bishiyar ƙofarku ta fara zubar da ganye ba lokacinta ba, kada ka yarda a taɓa ta da gatari sai an tona gindinta a gabanka.