Fararen Duwatsun Gogo

Sunana Isufu, ɗan kabu-kabu ne ni tsakanin Keita da ƙauyenmu. Shekarata talatin ba ɗaya lokacin da abin ya faru, da gemuna da komi. Na faɗi shekarun ne don kada wani ya ce ƙuruciya ce. Wauta ce tsagwaronta, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hamdiya nike so. Marainiya ce, kakarta Gogo ta rene ta, kuma gona guda gare su a gindin dutse, ita ke ci da su. Magana ta riga ta yi nisa. Baba Alhusaini, ƙanen mahaifina, ya ce da an gama shuka za su kai goro. Gogo kuwa in ta hango ni sai ta ce, "Angona, yau ma hannu rabbana ka zo?" Wasan jika take yi da ni tun ba a ɗaura komi ba. Abin da ya rage mini kawai in zauna lafiya in jira.

Amma ina! Salula ta ɓata ni. In ina jiran fasinja a tasha sai in duƙufa kallon samarin birni, wannan ya durƙusa da zobe, wancan ya rubuta sunan budurwa a yashin bakin teku. Sai na ga nawa neman auren ba armashi: tsofaffi, tabarma, goro, fatiha, shi ke nan? Ina bisa moto ina mafarki ido biyu. Ina ganin Hamdiya ta ɗaga kai, ta dafe ƙirji, hawaye na zubo mata. Sau biyu ina wuce inda fasinja zai sauka, ran nan ma cikin garken awaki na tsinci kaina.

Mu ba mu da teku, dutse gare mu. Sai na ƙudurta zan rubuta sunanta a jikin tudun da ke kallon rijiya, kowane harafi ya fi tsayin mutum. Duwatsun wurin jajaye ne, ba za su fito ba. Farare nike buƙata, kuma inda farare suke a tare wuri guda shi ne jeren da ke tare ruwa sama da gonar Gogo.

Kada ku ce ban san aikin jeren ba. Na sani sarai, a garin anka haife ni. In ruwa ya gangaro daga dutse, jeren ke karya ƙarfinsa, ya tsaya ya shiga ƙasa. Na ce wa raina ai aro ne, damina da saura, ina nuna mata zan maida. Na ari amalanken jaki, kwana huɗu da tsakar rana lokacin da kowa ke inuwa, na kwashe tsakiyar jeren, wajen taki talatin.

Ran Alhamis da azahar na gama. Shirina Juma'a da safe in tsaya bakin rijiya cikin sabuwar riga in ce mata, "Ɗaga kai." Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, anka ɓarke da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari duka na murnar ruwan fari, ni kuwa hankalina na can kan jeren da na kwashe.

Da safe jama'a sunka taru a gonar Gogo. Ruwan ya bi ta giɓin da na buɗe, ya tsaga gonar biyu, rami har ƙugu. Irin da sunka binne suna jiran ruwa ya tahi, ƙasar noma ta bi shi, sai tsakuwa. Ana ta tambayar wane marar tsoron Allah ya kwashe duwatsu. Can Cima maƙwabciyarsu ta ɗaga kai ta ce, "La ila! Ku duba can." Ga shi a jikin tudu, ruwa ya wanke shi tas, fari fat: HAMDIYA. Ba wanda ya tambayi wa ya rubuta. Duk sunka juyo gare ni, kuma don Allah ku ji, har da sabuwar rigar na zo.

Hamdiya ta ɗaga kai, ta dafe ƙirji, hawaye ya zubo mata, daidai yadda na yi ta mafarki. Ta ce, "Sunana ka sa, don kowa ya san saboda ni munka rasa gona?" Ta ja mayafi ta wuce gida. Baba Alhusaini ko kallona bai yi ba, ya ce wa na kusa da shi maganar goro ta tsaya.

"Isufu, zo nan." Gogo ce. Tunda nike ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na je na durƙusa. A gaban maza da mata tsohuwar nan ta kwance kallabinta, ta sunkuyar da kai. Tsakiyar kan ba gashi ko ɗaya, fatar ta yi baƙi ta yi tauri.

"Taɓa," in ji ta.

Na taɓa.

"Zamanin furoje, aikin gyaran ƙasa da anka kawo bayan yunwa, mazanmu duk sun tahi cin rani. Mu mata munka ɗauko duwatsun nan a ka daga bayan tudun can, ɗaya-ɗaya, ina goye da uban yarinyar ga. Kai da mi ka kwashe su?"

"Da jaki, Gogo."

Ta naɗe kallabin ya zama gammo, ta miƙo mini. "To ba jaki za shi maida su ba."

Kwana goma sha tara na yi. In hau tudu, in ɗora dutse, in sauko ta gaban rijiya inda mata ke tsaye da bokitai suna kallon sunan na raguwa harafi bayan harafi. Ba wadda ta yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Tsakiyar kaina ta kumbura har hula ta gagare ni. Ran da na aje na ƙarshe, na tarar da kwanon ruwa a rufe a gindin jeren. Na san kwanon, na Hamdiya ne, amma ita ba ta tsaya ba.

Sai bayan girbi Gogo ta yarda anka karɓi goro. Shekararmu uku yanzu da aure. Ramin na nan a tsakiyar gona, kowace rani ina zuba masa duwatsu da kara, yana cikewa kaɗan-kaɗan, amma gero bai tsaya a wurin ba tukuna. Gogo na karɓar gaisuwata da mutunci, ta tambayi aiki, ta sa mini albarka. Kowace safiya in na durƙusa ina kasa kunne ko za ta ce angona.

"Isufu," take cewa, "an tashi lahiya?"