Kajijin Inna Kulu

"Ba shi ba ne," in ji Inna Kulu, ta saki ciyawar ta faɗi a kan tabarma.

Ɗanta Inuwa ya dube ni, na kau da kai. Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya da Inna Kulu a Unguwar Sarki, tana haɗa turaren wuta ina taya ta daka, don haka tun daga bakin ƙofa na gane gwaigwaya ya kwaso. Kwana uku ke nan ko koko ba ya wuce mata, idanu sun daina gani. Abu ɗaya take roƙo, ɗanyen kajiji daga bakin kogi, ta shaƙa kafin ta cika.

"Inna, wajen Malali fa na tsigo shi, inda kika ce."

"Miƙo hannunka, Akawu." Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta lalubi yatsunsa ta ɗora a kan karan. "Murza. Ka ji kusurwa uku? Ga ganye ta ko'ina. Gwaigwaya ce, saiwarta warin taɓo kawai take. Kajiji mulmulalle ne, ba ganye, tsaye kamar tsinke. In ka ja shi tsakanin yatsu za ka ji gaɓa-gaɓa a ciki. Kuma ba tsigewa ake ba, tonowa ake. Saiwar nake so."

Wallahi haushinsa nake ji. Shi ne fa ya hana ta zuwa kogi tun da ya zama akawu a sakatariya, wai kada abokan aiki su ga uwarsa cikin taɓo. Matar da ta yi tonon kajiji yana goye a bayanta! Yau ga shi da farin wando da agogo, ya kasa bambance ciyawa biyu.

Ya ja ni tsakar gida. "Gwaggo Hansai, kin ji yadda numfashinta yake. In tafi ko in zauna?"

Ni gwiwata ba ta kai ni Malali. Kuma damina ce, kogi ya cika ya batse, satin nan ma ya ci wani masunci. Duk na san wannan, amma haushi ya riga ni magana.

"Kai ta aika. Ɗauki fartanya ka tafi."

Ya haye kekensa. Tun kafin ƙarar ta ɓace na fara da-na-sani.

Na koma ɗaki na ɗora kanta a cinyata. Hadari ya taso ta gabas, ruwa ya kece. Ina yi mata fifita, kunnena na zaure, zuciyata na kogi. In ruwa ya tafi da yaron nan, me zan ce wa Allah?

"Ya dawo?"

"Yana hanya, Inna."

Can ta sake tambaya, da ƙyar nake jin ta. Ta ce, "Hansai, kada ki yi masa faɗa. Ni ce ban koya masa ba." Na yi ta nanata mata kalmar shahada tana bi. Ladan na kiran la'asar ta cika.

Na rufe mata ido, na hana Asabe matar Inuwa ɗaga murya, na fita zaure na tsaya. Ba a jima ba sai ga shi yana tura keke, taɓo har ƙirji, takalmi ƙafa ɗaya, hannunsa na jini. Ya miƙo mini dami yana haki.

"Gwaggo, duba mini kafin in shiga. Kada in sake kai mata wani abu daban."

Na ja kara ɗaya tsakanin yatsuna, na ji gaɓoɓin. Na ɓantari saiwar na shinshina.

"Shi ne."

Ya yi dariya, har da ajiyar zuciya. "To bari in kai mata."

Na riƙe kan keken. "Inuwa, sai haƙuri."

Bai yi kuka ba. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce yanzun nan, ya gyaɗa kai. Na so ya zage ni, ni da na tura shi, amma ko kallon banza bai yi mini ba.

Ni na wanke saiwar na daka, muka zuba a ruwan wankanta na ƙarshe. Da na fito zubar da ruwan, na hango shi tsugunne a bakin rariya ta waje, shi kaɗai, maza na can zaure suna jiransa. Ruwan na gangarowa ta gabansa, ya sa tafin hannu ya tare.