Awa ta Huɗu a Kicin ɗin Pamfil

…kuma tagar nan ba za a buɗe ta ba, ko Traian zai narke a kan kujera. Tsakar ranar Yuli, kicin kamar tanda, amma surukinsa Pamfil ya ce iska mai ratsa ɗaki ita ke kawo ciwon kunne. Yana zaune a gabansa da agogon dafa ƙwai, duk awa ya sake murɗa shi. Tsohon magatakardan kotu ne, wai shi ne mai gadin jarrabawar gwaji.

Tambaya ta sittin da takwas. Wane irin aikatau ne… wane iri? Sau uku ke nan yana karantawa, haruffan na yawo kamar tururuwa.

Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa bas a Bukarest, awa tara a zaune, bayansa bai taɓa cewa uffan ba. To don me awa huɗu a gaban takarda ke karya shi? Ya san dalili, shi ne ma abin haushin. A bas, duk minti hamsin akwai tashar ƙarshe — a kashe inji, a miƙe ƙafa, sigari ɗaya. Jiki ya haddace. Minti hamsin na cika, ƙwaƙwalwa sai ta taka birki da kanta, ko an so ko ba a so.

"Malam direba, an iso tasha ne? Na ga ka tsaya."

"Tunani nake, Baba."

Tunani! Kwana tara suka rage a yi jarrabawar shiga makarantar lauyoyi. Tambaya ɗari, babu tashi, babu sigari. Otilia, matarsa, sau ɗaya ta yarda ya gwada. In bai ci ba, ya bi yayansa Jamus tuƙin tirela. Jamus… wata uku-uku a kan hanya, 'yarsa Smaranda ta riƙa nuna masa giɓin haƙoranta ta waya — a'a. Saba'in da huɗu. Cike gidan amsa, wuce.

Ya tsani mutumin nan. Tsana ta gaske, ba irin ta wasan surukai ba. Ya tsani yadda yake ɓare 'ya'yan kabewa da haƙori, ƙas, ƙas, yana jera ɓawon a faranti. Ranar biki, kofi a hannu, gaban jama'a, Pamfil ya ce: 'yata ta auri mai cewa a matsa baya, akwai wuri. Aka yi ta dariya. Shi ma ya yi, sakarai, me zai yi in ba dariyar ba?

Tamanin da shida. Wuya ya sanƙare, gumi na ɗiga a gwiwar hannu. Jiya a nan ya ajiye biro, shekaranjiya ko nan bai kawo ba. Yau sai ya kai, ko don tsohon nan ya haɗiyi ɓawonsa. Casa'in. Casa'in da biyar — kai, ashe ana kaiwa? Bari ka gani, Pamfil, ɗan hakin da ka raina…

Ɗari. Ya kai bakin biro kan takardar amsa.

Layin da ke ƙarƙashin biron casa'in da tara ne. Na ɗari yana can ƙasa, fari tas.

Yaya aka yi? Yatsa na hawa sama. Tamanin… sittin… arba'in da ɗaya. Wadda ya tsallake, ya ce sai ya dawo, daidai lokacin da kansa ya shiga tasha karo na biyu. Ya tsallake tambayar, bai tsallake layinta ba. Amsa hamsin da tara, kowace a gidan maƙwabciyarta. Kuma biro ne, ba ya goguwa.

Ya ɗaga kai. Pamfil ya daina ɓare kabewa. Tun yaushe? Idonsa na kan takardar, daidai wurin. Ya gani — fiye da awa biyu yana kallo, bai ko yi tari ba.

"Saura minti shida," in ji tsohon, a hankali.

Mugunta ce? Ko kuwa… can ma, ranar jarrabawar gaske, wa zai yi masa tari? Traian yana neman tsanar ya riƙe, hannunsa ya kasa ko ɗaga biron.