Gahawa a Lambun Aro

Tambari ya dasa gahawa a lambun Sodangi.

Lambun yana bayan Mabera, inda gari ya ƙare, da rijiya da tsofaffin mangwarori. Aro Sodangi ya ba shi, don gwiwoyinsa sun gaji, 'ya'yansa kuma sun bi kuɗin man fetur zuwa Ikko. Tambari ɗan amininsa ne da ya rasu, saboda haka ba a kira shaida ba. Kowa dai ya san ƙa'ida. Mai aro ya shuka albasa ko tattasai, abin da za a kwashe a tashi. Ba ya dasa icce. Wanda iccensa ya yi saiwa a wuri, wata rana zai ce wurin nasa ne.

Yaron ya yi shekaru yana ƙwadago a gonar gahawa a tsaunin Mambila. Ya dawo da tsirrai cikin gwangwanaye, da magana mai yawa. Wai wannan iri ba gama-gari ba ne, sai masu saye sun sansana sun ɗanɗana kafin su yi masa kuɗi. Wai samarin can sun yi rufin kwano da shi.

Sodangi ya ga dashen. A majalisar Ƙofar Taramniya aka yi ta dariya. Mode mai shayi ya ce abin da ya saba da sanyin dutse, a bari bazarar Sakkwato ta yi masa sannu da zuwa. Sodangi ya bar wa rana aikin, don ba ya son a ce ya takura wa maraya.

Bazara ta ƙone wasu. Sauran suka ƙi mutuwa. Tambari ya kafa musu zana a inuwar mangwaro, yana jan guga har tafin hannunsa ya tsage. Da damina ta sauka suka yi ganye mai duhu, mai sheƙi.

Sai aka ji a rediyo soja sun yi doka, ƙasa ta koma hannun gwamna. Masu awo suka ɓullo a Mabera suna binne duwatsun siminti. Ba su tambayar kakan wa ya haƙa rijiya. Wa ke aikin wurin, wa ya dasa wannan, shi ke nan tambayarsu. Haka gonar Dodo, maƙwabcin Sodangi, ta fita hannunsa yana tsaye.

Sodangi ya ɗauki sanda ya tafi lambun. A bakin hanya ya ga sawun mota sabo. An kewaye gahawar da waya. Tambari ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo ruwa. Tsohon bai sha ba.

"Mi mutanen ga suka zo yi?"

Tambari ya ce kallo suka zo, ba su taɓa ganin gahawa ta rayu a ƙasar nan ba. Sun tambayi wanda ya dasa.

"Mi kac ce musu?"

"Gaskiya, Baba."

Sodangi ya ce bai ba da aro don icce ba. A tumɓuke su kafin Juma'a, a sa albasa, aro yana nan yadda yake, shi kuma ba zai sake ta da maganar ba.

Tambari ya miƙe tsaye. Bai taɓa tsayawa a gaban tsohon ana magana ba. Ya fi shi tsawo, kuma bai ajiye fartanyar da ke hannunsa ba.

"Baba, ba ni tumɓuke ko guda."