Doki Na Takwas

Ranar Litinin da safe ina cikin kwashe kashi a ɗakin dokina Dankali sai wayar Maigida ta yi ƙara a tsakar barga. Daga yadda ya ce, "Gavin, yaya dai?" ya juya mini ƙeya, na san ba alheri ba ne. Gavin Purvis shi ne mai kula da filin tseren da ke kusa da mu, tafiyar minti arba'in a mota, kuma a 'yan shekarun nan ba ya kiran kowa sai in roƙon doki zai yi.

Shekara talatin da huɗu ke nan ina aiki a bargar Maigida, Wilf Robson. Shekaruna hamsin da shida, gwiwata ɗaya ta ƙarfe ce, amma har gobe "yarinya" ake ce mini, don a sana'armu mace mai kula da doki yarinya ce har a kai ta kabari. Lokacin da na zo dawaki arba'in da biyu na tarar. Yanzu tara ne, sauran ɗakunan kuwa wani mai gyaran babur ya cika su da tarkacensa.

A cikin taran nan Dankali ne nawa. Sunansa na takarda dogo ne, babu mai kiransa da shi. Mu Dankali muke ce masa, don ja ne, gajere, ga tumbi. Shekararsa goma sha biyu, ya ci tseren tsallake shinge sau bakwai, duk kuma a gaba ya yi su tun daga farko har ƙarshe, don shi bai yarda ya ga wutsiyar wani doki ba. A watan Janairu jijiyar ƙafarsa ta hagu ta gaba ta yi zafi ta kumbura. Na yi ta fama da ruwan sanyi da ƙanƙara har ta saɓe, amma ni da Wilf mun san ta gama aiki. A gaban likitan dabbobi ya ce da ni, "Ƙarshen Afrilu ki ɗauke shi, Glenda. Naki ne." 'Yar'uwata Brenda tana da fili a bakin teku, mijinta har ya gama kafa shinge. Kwana goma sha tara suka rage.

Wilf ya kashe wayar, ya zo ya dafa ƙofar ɗakin yana kallon dokin, ni kuwa ya ƙi kallona.

"Tseren mil uku na ranar Asabar, doki bakwai kawai aka rubuta," in ji shi. "Sun sake buɗe rajista. Ɗaya yake nema."

"Sai ya je ya haifa."

"Yarinya, ki saurare ni."

"Ina ji, Maigida. Kana da dawaki tara."

"Biyu na tari, uku ba su taɓa ganin shinge ba, sauran ba ajinsu ba ne. Ke ma kin sani."

Na sani. Na kuma san abin da takwas ke nufi, kowa a sana'ar nan ya sani. In dawaki sun kai takwas, 'yan caca na biyan wanda ya zaɓi na ɗaya da na biyu da na uku, sai mutane su zuba kuɗi. In ba su kai ba, kasuwa ta mutu, masu nuna tseren a shagunan caca su rage abin da suke ba filin, hukumar tsere kuma ta rubuta laifin a kan filin. Bara an ƙwace wa Gavin ranakun tsere biyu. In aka ƙwace na Afrilu, sai dai a yanka filin a gina gidaje.

"To laifin Dankali ne?" na ce. "Shi ya ce manoma su daina haɗa goɗiyoyinsu? Shi ke sayar da duk ɗan dukushin da ya iya gudu zuwa ƙetare? Mutum uku a kudu sun tara dawaki ɗari biyu-biyu, ba sa yarda nasu su kara da juna, ga tsere an ƙaro kullum kamar ana zuba tsaba. Ya je ya roƙe su mana!"

"Ya roƙa. Su suka ba shi uku daga cikin bakwan." Ya shafa wuyan dokin. "Ba gudu zai yi ba. Zai bi su a baya, ya tsallake uku ko huɗu, mahayinsa Declan ya ja shi ya tsaya. Shan iska ne kawai. Shekara ashirin Gavin na barin mu motsa dawaki a filinsa bai taɓa cewa komai ba. Da wane bakin zan ce masa a'a?"

Na yi tsaki na ci gaba da shebur ɗina. Da na ce a'a da ƙarfi, da na zauna a ƙofar ɗakin na ƙi tashi, ina jin da Wilf ya haƙura, don tsoron bakina yake ji. Ban yi ba. Ni ma a filin nan na fara jan doki ina 'yar shekara ashirin da biyu, ba na son in ga an gina gidaje a kansa.

Ranar Asabar gari ya waye tas. Sati uku ba a yi ruwa ba, abin da ba mu saba gani ba a ƙasarmu mai ruwa duk shekara, balle nan arewa. Da muka isa na sauke Dankali, na je na taka filin da kaina. Gavin ya sa an yi ban-ruwa, amma iska ta shanye. Na soka diddigen takalmina, ya ƙi shiga.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka yi shela a lasifika. Dawakin nan uku na kudu an janye su, wai ƙasa ta yi tauri. Ba su ma sauko daga motarsu mai gilashi ba, direban ya juya ya kama hanya.

Na sami Wilf a bakin ɗakin awon mahaya yana cin gurasa mai nama a ciki. Gavin na tsaye kusa da shi, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Shi ke nan," na ce. "Takwas ta rushe. Mu mayar da shi gida."

Gavin ya kama hannuna. "Glenda, don Allah. Biyar ne yanzu. In kuka cire shi sun zama huɗu, huɗu kuwa ko na biyu ba a biya. Mutanen hukuma na sama suna kallo."

"Su kalla. Su sauko su yi gudun da kansu."

"Likita ya duba shi, ya ce lafiya lau," in ji Wilf.

"Likita ya sa shi sassarfa taku ashirin a kan kwalta! Ni nake wanke ƙafar nan kullum, Wilf."

Ban cika kiransa da sunansa ba. Ya ajiye gurasar a kan taga, ya ce a hankali, "Na riga na yi wa mutumin nan alkawari. Je ki ɗaura sirdi, yarinya."

Na je na ɗaura.

Declan Tuohy ne zai hau. Ɗan ƙasar Ayalan ne, ya haura talatin da biyar, babu ƙashin da bai karya ba a jikinsa, kuma shi ya ci biyar daga cikin bakwan Dankali. Ya shigo da'irar da ake zagayawa da dawaki yana murmushi da haƙoran roba.

"Tsoho da tsohuwa," in ji shi. "Wa zan fara gaisarwa?"

"Ka gaida uwarka. Ka ji abin da aka ce? Baya. Shinge huɗu, ka tsaya."

"Na ji, ranki ya daɗe. Zan dawo miki da shi ko gumi bai yi ba."

Na ɗaga ƙafarsa ya haye. Dankali ya riga ya miƙe kunnuwa, yana taka ƙasa ɗaiɗai, yana jan ragama har kafaɗata ta amsa. Shi babu wanda ya gaya masa shan iska ya zo.

Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu, ni da Wilf da Declan, duk da shekarunmu a sana'ar, shi ne dabarar nan ta bin baya ta zamanin da ce. A tseren doki goma sha huɗu, kana iya laɓewa a baya, ka ja dokinka ka tsaya a can nesa, babu mai lura. A tseren doki biyar babu wurin laɓewa. Kuma duk mahayan nan huɗu umarni ɗaya aka ba su, kowa ya jira wani ya ja gaba.

Aka ɗaga igiyar fara tsere, babu wanda ya zabura. Dawaki biyar suka fito suna tafiya kamar masu rakiyar gawa, kowane mahayi na satar kallon ɗan'uwansa, 'yan kallo suka fara ihu suna dariya. Declan ya danne linzami iya ƙarfinsa, na ga hannuwansa daga inda nake. Dankali ya ga fili fetal a gabansa. Ya girgiza kai sau biyu, ya ƙwace, ya tafi.

Kafin shinge na huɗu ya ba su ratar da ta kai tsawon doki goma sha biyar. Yana tsallakewa tsaf, kamar yana ɗan shekara bakwai.

"Ja shi," na ce. "Declan, ja shi."

Wilf na gefena da madubin hangen nesa. "Ba zai iya ba," ya ce. "Yana gaba, dokin lafiya lau. In ya tsayar da shi yanzu alƙalan tsere za su ce sayar da tseren ya yi. Su dakatar da shi, su kira ni sama, sunansa ya ɓaci har abada."

Suka zagayo ta gabanmu karo na farko. Na ji ƙarar kofatonsa a kan ƙasar nan mai tauri, har cikin haƙorana na ji ta. A zagaye na biyu ɗaya daga cikin na baya ya yi tuntuɓe ya yar da mahayinsa. Wani ya gaji aka tsayar da shi, shi an yarda ya tsaya tunda a baya yake. Saura uku. Mai lasifika ya fara kiran dogon sunan nan da ƙarfi, mutanen garinmu da suka san shi tun yana ƙarami suka taso bakin ƙarfen da ya raba 'yan kallo da fili.

Abin da ya fi ci mini rai ban taɓa gaya wa Brenda ba. Da suka juyo kwanar ƙarshe, shinge biyu suka rage, wani baƙin doki ya fara matso shi, sai na ji wata mata na ihu, "Tafi, Dankali! Tafi, ɗana!" tana dukan ƙarfen gabanta da hannu. Ni ce. Na manta da ƙafar, na manta da filin bakin teku, so nake kawai ya ci.

Ya tsallake na biyun ƙarshe lafiya. Taku biyar ko shida bayan ya dira, ƙafar ta karye. Bai faɗi ba. Ya dai yi wani irin tsalle, kansa ya yi sama, Declan ya diro tun kafin ya tsaya, ya rungume wuyansa. Baƙin dokin ya wuce, ihun mutane ya bi shi.

Ban san yadda na yi gudu da gwiwar ƙarfe ba. Kafin in isa sun riga sun kafa koren labulen da ake kare idon jama'a da shi. Dankali na tsaye da ƙafa uku, yana huci, jikinsa sharkaf, ƙafar na lilo daga ƙasan gwiwa. Da ya gan ni ya miƙo baki yana lalube aljihuna. Na ba shi alewar da ke ciki, ya tauna.

"Glenda," in ji Declan. Kuka yake yi, majina har baki. "Na rantse na yi niyyar..."

"Yi mini shiru. Riƙe masa kai."

Likitar dabbobi ta filin ta duba ƙafar, ta dube ni, na gyaɗa kai. Ba a jira Wilf ba, yana can yana tahowa da sandarsa. Ta yi masa allurar mutuwa, ba a daɗe ba ya kwanta. Na cire masa linzami da kaina, don ba a barin doki ya tafi da ƙarfe a baki.

Mai kwasar gawar dabbobi ya matso da motarsa, wani dattijo mai suna Ossie da na sani shekara da shekaru ba mu taɓa magana ba. Ya ga ina lalube aljihu, sai ya zaro almakashi daga rigarsa ya miƙo mini.

"Ta ƙasan wutsiya za ki yanka, ta fi tsawo," ya ce. "Da can kowane sati sai an ari almakashin nan. Yanzu ni ma aikin ya ja baya, dawakin sun ƙare."

Na yanki gashin, na naɗe shi a hannu. Gavin ya taho ta tsakiyar fili ya cire hula, ya buɗe baki, na wuce shi. Wilf ya ce zai biyo wani maƙwabcinmu, don ya san in ya shiga mota ɗaya da ni sai na faɗi abin da ba zai gyaru ba.

Na sa sirdi da linzami a kujerar gefe, na rufe ƙofar bayan motar ɗaukar dokin ba kowa a ciki, na tayar da ita. Hanyarmu ta gida duk kwana-kwana ce da gangara, ta bi ta kan tudu. Na yi nisa sosai sai na lura da layin motoci a madubi, sun kai goma sha, wani na danna oda. Na duba allon gudu. Ashe tafiyar mil ashirin a awa nake yi, ina taka birki tun daga nesa, ina shan kowace kwana a hankali kamar Dankali na baya, don kada ya jingina a kan ƙafarsa ta hagu.

Na sauka gefen hanya na kashe injin. Motocin suka wuce ɗaya bayan ɗaya.